Ranar da Aka Sauke Tayoyin Dallatu

Makonni uku da suka wuce, ranar wata Talata da la'asar sakaliya, na yi baƙon da ban gayyata ba. Ina zaune a tsakar gida ina jiran uwargida Fatu ta sauke dafa-duka, sai gabas ta murtuke, iska ta taso kamar da wani take rigima. Kafin in ɗauke kujerata sai ga fallen kwanon rufi ya haye katanga, ya tsinke igiyar shanya, ya zauna daram a kan akurkin kaji. Ko sallama babu. Kajin dai sun tsira da gashinsu, amma zakaran har yau in ya ji marfin tukunya ya faɗi sai ya nemi ƙarƙashin gado.

Da ruwa ya tsagaita na juya kwanon in ga na wane ne. Sai na ga jan fenti a jikinsa, rubutun Turanci manya-manya, ma'anarsa wai a sauke cikin kwana biyu, ga sunan wani kwamiti a taƙaice, ga kwanan wata. Na san rubutun, na kuma san rufin. Na shagon Dallatu ne.

Dallatu maƙwabcina ne, dattijo mai furfura a gemu, shekararsa goma sha ɗaya yana sayar da siminti a bakin titi a nan Dei-Dei. Ba shi da wata gona, ba shi da wani gidan haya. Abin da ke cikin shagon nan shi ne duk abin da ya mallaka a duniya, da shi yake ci da iyalinsa.

To, duk wanda ya yi damina biyu a gefen Abuja ya san halin iskar farkon ruwa. Ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta sama take shigowa. Manyanmu na cikin gari ba su san wannan ba, rufinsu ya fi motata nauyi. Mu kuwa da muke ƙarƙashin kwano, tun kakanni mun samo magani: tsohuwar taya, guntun bulo, dutsen da ya fi ƙarfin ɗagawa da hannu ɗaya. A ɗora a kan rufi a danne shi. Dallatu gwani ne a wannan fanni. Tayoyi goma sha bakwai ne a kan shagonsa, kowace da mazauninta. Duk shekara in zafi ya tsananta sai ya hau ya sake jera su, ya fi ba ɓangaren gabas muhimmanci, ya sauko yana karkaɗe hannu kamar likitan da ya gama tiyata. Shekara goma sha ɗaya ko ƙusa ɗaya ba ta ɗaga ba.

Kuma fa Dallatu bai tsaya a kan taya kawai ba. Bara wata yarinya mai suna Divine, wakiliyar wani kamfanin inshora, ta yi ta zarya a layinmu da jakarta da lemarta. Kowa ya kore ta da "sai mun yi shawara". Dallatu kaɗai ya ba ta benci. Sai da ya tambayi malaminsa, aka tabbatar masa irin wadda babu laifi a cikinta ce, sannan ya sa hannu. Divine ta ɗauki hoton shagon gaba da baya, har ta hau tulin bulon maƙwabci ta ɗauki rufin da tayoyinsa reras. Mu kuwa muka sa masa suna Alhaji Inshora, muka yi ta dariya. Na fi kowa dariya, Allah ya yafe mini.

Ana nan sai ga Kwamitin Gyaran Fuskar Gari. Ban san inda aka haife shi ba, ban san wanda ya raɗa masa suna ba. Mun dai wayi gari mun ga motoci bakwai sun jeru, da tifa ɗaya, da bokitin jan fenti ɗaya. Motoci bakwai fa, jama'a, don rakiyar bokiti guda! Wannan ita ce ƙasar da ta san darajar fenti.

Daga mota ta tsakiya Mai Girma Ciyaman ya sauko, Allah ya ƙara wa hularsa tsawo. Ya ɗaga kai ya dubi rufin shagunanmu, ya toshe hanci, ko da yake taya ba ta wari daga nisan nan. Ya ce wasu manyan baƙi daga ƙasashen waje za su biyo ta wannan titi, kuma idan suka ga tayoyi a kan rufi za su zaci mu mutanen da ba su waye ba ne. Ya ce taya tana tara sauro, tana zubar da mutuncin ƙasa. Kwana biyu ya ba mu.

Dallatu ya cire hularsa ya matsa kusa. "Ranka ya daɗe, ka dubi gabas. Kullum da yamma hadari yake haɗuwa. A bar mu mu wuce ruwan farko, in ya so ni da kaina zan sauke."

"Batun damina yana gaban ƙaramin kwamiti," in ji Mai Girma.

"To, ranka ya daɗe, me zai riƙe kwanon kafin su gama zama?"

"Kada ka damu, Baba. An riga an ba da kwangilar ƙusoshi na zamani da madaurin ƙarfe, kyauta ga kowane shago. Kafin ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa sun iso."

Na rantse har tafi muka yi masa. Mu haka muke, da mun ji "kyauta" sai hannuwanmu su haɗu da kansu. Wani ma'aikaci ya hau tsani ya zabga rubutu a kan fallen gaba na rufin Dallatu, don shi ne ya fi kowa yawan taya. Bayan kwana biyu tifa ta dawo ta kwashe tayoyin layin kaf, aka ce za a kai su inda ake sarrafa su.

Da ƙurar motocin ta lafa, kowa ya san abin yi. Mubarak mai shagon kusa da na Dallatu ko sallar azahar bai jira ba, ya hau ya jera bulo ta bayan rufi inda ba a hangowa daga titi. Sauran ma haka. Ni da bakina na ce wa Dallatu ya yi yadda kowa ya yi.

Ya girgiza kai. "Malam Shafi'u, ni mai takarda ne. In na karya dokar hukuma, gobe wani abu ya faru, da wane ido zan dubi kamfani? Tunda sun ce ƙusa na zuwa, zan jira ƙusa."

Ya jira. Ƙusa ba ta zo ba. Manyan baƙi ma ba su zo ba, daga baya muka ji wai an ɗage ziyarar har sai baba-ta-gani. Iska ce kaɗai ta cika alkawari.

Da na isa shagon ranar Talatar, na tarar da Dallatu tsaye a tsakiyarsa, sama a buɗe, ruwa na zuba daga gemunsa. Tamfol ɗin da ya yi ƙoƙarin shimfiɗawa yana can maƙale a kan wayar lantarki. Duk wanda ya san siminti ya san ba ya yafe wa ruwa. Kafin kwana biyu kowane buhu ya zama dutse mai siffar buhu. A duk layin rufinsa kaɗai ya tashi. Amma mutumin nan ko hawaye bai yi ba, ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhamdulillahi, ai da inshora." A ranar babu wanda ya yi dariyar Alhaji Inshora. Har Mubarak sai da ya tambayi lambar Divine.

Washegari Divine ta zo. Ta dubi hoton da ke wayarta, ta dubi sauran katakon rufin, ta sake duban hoton. Na ga fuskarta ta sauya, ta tambaye shi da Hausarta ta 'yan koyo.

"Baba, taya ɗin nan duka, ina ya tafi?"

Dallatu ya ba ta labari tiryan-tiryan. Ta buɗe takardar ta nuna mana wani layi da ƙananan haruffa, irin waɗanda sai ka kai takarda bakin hanci. Wai duk wanda ya sauya wani abu da ke kare ginin, tilas ya sanar da kamfani. Su rufi mai taya suka yi wa inshora, wanda ya tashi kuwa rufi ne marar taya.

Yarinyar nan tana da kirki, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta ce, "Baba, akwai hanya. Ka kawo wasiƙa daga kwamiti ɗin, su rubuta su ne suka ce ka sauke. Layi biyu ma ya isa. Amma kwana goma sha huɗu kawai kake da shi, in ya wuce za su rufe fayil, ni ba zan iya komai ba."

Layi biyu, kwana goma sha huɗu. Na ce wa Dallatu ai wannan sha yanzu ne, gobe ma mu karɓo. Kun ga irin wautar mai karatun jarida.

Ofishin kwamitin yana hawa na uku a wani dogon bene cikin gari. Kwana huɗu muna zarya kafin mu ga ko da sakatare, wani siririn mutum mai suna Jonah, wanda yake magana yana duban fankar sama. Oga yana mitin. Oga ya tafi ta'aziyya. Oga ya shigo amma ya fita ta ɗaya ƙofar. A rana ta biyar Oga Jonah ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce shi a fayil ɗinsa babu inda aka rubuta cewa kwamiti ya taɓa zuwa Dei-Dei.

"Motoci bakwai fa, Oga Jonah," na ce. "Da tifa."

"Kuna da shaida a rubuce?"

Muka dubi juna ni da Dallatu. Akwai shaida a rubuce mana, tana jingine a bayan akurkin Fatu.

Washegari muka ɗauki hayar a-kori-kura, muka ɗaure fallen kwanon muka nufi cikin gari. Masu karatu, in ba ku taɓa hawa bene hawa uku da kwanon rufi ba, ku gode wa Allah. Ni a gaba, Dallatu a baya, kowace matakala kwanon ya yi rugugi kamar aradu. Wata mata ta fito daga ofishinta a guje da takalmi a hannu, ta zaci hadari ne ya shigo ginin. Muka shiga da shi a karkace, muka jingina shi da teburin Oga Jonah. A karon farko mutumin ya sauke idonsa daga fanka.

Ya karanta rubutun yana motsa leɓe. Ya ce lallai sunan kwamitin ne, kwanan watan ma daidai ne. Amma da matsala. Na farko, wannan takarda ba ta shiga fayil. Na biyu, duk takardar da za a karɓa sai da kwafi uku. Na uku, babu sa hannu.

Dallatu ya nuna masa wani gefe inda mai fentin ya dafa da hannunsa, yatsu biyar suka fito sarai. "Ga sa hannu nan, Oga, har da tafin."

Oga Jonah ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda talakawa suka gajiyar. Ya ce ko da ma an warware duk wannan, ai mun makara, an rushe Kwamitin Gyaran Fuskar Gari tun shekaranjiya. Ya ce mu leƙa mu duba ƙofa. Na leƙa. An liƙa sabuwar takarda a kan tsohon allon: Kwamitin Tallafa wa Waɗanda Iska Ta Shafa. Ɗaki ɗaya, teburi ɗaya, fanka ɗaya, Ciyaman ɗaya.

"A matsayina na sakataren sabon kwamiti," in ji shi, "ba ni da hurumin magana a kan aikin tsohon."

"To wa za mu gani?"

"Sakataren tsohon."

"Wane ne shi?"

"Ni ne. Amma an rushe ni."

Wallahi a nan haƙurina ya ƙare. Na buɗe baki zan faɗi abin da edita ba zai buga ba, Dallatu ya riƙe hannun rigata. Har a lokacin mutumin nan yana ganin in aka bi a hankali hukuma za ta ji. Oga Jonah ya ce mu kwantar da hankali, Mai Girma da kansa zai zo layinmu rabon tallafi, mu yi masa magana a can. Sannan ya ce mu fita da kayanmu, ofis ba bola ba ne. Muka sauko da aradunmu hawa uku.

Ranar rabon tallafi ita ce rana ta goma sha uku. Tun da hantsi aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka kawo lasifika da masu ɗaukar hoto. Wannan karon motoci tara ne, don aikin jinƙai ya fi na fenti nauyi. A gefe guda ga wani tuli an lulluɓe da farin ƙyalle.

Mai Girma Ciyaman, Garkuwan Marasa Rufi, Uban Waɗanda Ruwa Ya Daka, ya tashi ya yi jawabi. Ya ce zuciyarsa ta karaya. Ya ce kwamitinsa ya gudanar da bincike mai zurfi, ya gano musabbabin ɓarnar, wato sakacin wasu 'yan kasuwa da suke barin rufinsu sakaka babu abin da ya danne shi, alhali sun san damina ta kama. Ya ce daga yau doka ce, duk rufin da aka samu babu nauyi a kansa, za a rufe shagon. Kwana biyu ya ba mu.

Muka yi tafi. Kada ku tambaye ni dalili.

Sannan ya ja ƙyallen, sanƙiransa ya sanar a lasifika cewa ga Na'urar Danne Rufi ta Zamani, wadda ƙwararru suka samar bayan dogon nazari. Tayoyi ne. An shafa musu fenti fari da shuɗi, an ɗaura wa ta sama kintinkiri.

Dallatu ya ƙura ido, ya matso da bakinsa kunnena. "Malam Shafi'u, ka ga ta uku daga ƙasa? Wadda aka ɗinke gefenta da waya? Ni na ɗinke ta."

Shi aka fara kira, a matsayin wanda ya fi kowa asara. Aka mirgino masa tayoyi biyu, Oga Jonah ya miƙo fom da biro. Dallatu ba ya sa hannu a abin da ba a karanta masa ba, sai ya miƙo mini. Na karanta, na sake karantawa, sannan na fassara masa a hankali. Fom ɗin yana cewa shi mai karɓar tallafi ya amince rufinsa ya tashi ne saboda sakacinsa, kuma yana godiya ga kwamiti da ya wayar masa da kai.

Dattijon nan ya cire hularsa kamar yadda ya yi a karon farko, ya fuskanci Mai Girma.

"Ranka ya daɗe, ka gane ni? Ni ne na ce ka dubi gabas. Ba na son taya, ba na son komai na hukuma. Layi biyu nake roƙo, ka rubuta cewa ku kuka ce in sauke. Gobe za a rufe fayil ɗina. Ina da iyali, ranka ya daɗe."

Lasifika ta ɗauki maganarsa, kowa ya ji. Mai Girma bai daina murmushi ba, don masu hoto suna aiki. Ya kama hannun Dallatu ya girgiza, ya ce ta tsakanin haƙora, "Ka ga sakatare." Wani mai hoto ya ɗaga murya, "Baba, ɗan yi fara'a mana!"

Dallatu ya ajiye biron a kan taya, ya mayar da hularsa, ya juya ya tafi. Bai sa hannu ba. Wannan bai hana hotonsa fitowa washegari ba, hannunsa cikin na Mai Girma, a ƙasa an rubuta wai wani ɗan kasuwa yana zubar da hawayen farin ciki. Har wannan jarida tamu ta buga shi, kuma ya fi shafina girma.

Rana ta goma sha huɗu ta zo ta wuce. Divine ta zo da ƙafarta ta gaya masa, ta ce ta aika hoton fallen kwanon can babban ofishinsu, ta yi roƙo, an ce mata fenti ba wasiƙa ba ne. Ta zauna a kan wani daskararren buhu, shi yake ba ta haƙuri. Kamfanin kuwa bai manta da shi ba, kwana biyu bayan haka suka turo masa saƙo a waya suna tuna masa lokacin sabunta inshorarsa ya kusa.

Yau da safe na fito zan kawo wannan rubutu, sai na tarar da tirela tana sauke siminti a shagon Mubarak, wanda bai taɓa bin umarni ba, bai taɓa yin inshora ba, rufinsa kuma ko motsi bai yi ba. A cikin layin 'yan dako na hango wani mai furfura ya yi gammo da tsohuwar riga, gwiwoyinsa suna ɗan rawa a ƙarƙashin buhu. Dako ne sana'ar da Dallatu ya bari tun kafin a haifi 'yarsa ta fari, yau ga shi ya koma da shekara kusan sittin. Kunya ta kama ni, na so in bi ta wani layin, amma ya riga ya gan ni. Ya sauke buhun, ya share ƙurar siminti daga idonsa.

"Malam Shafi'u, na ji an ce za ka rubuta."

Na ce zan rubuta.

"To kada ka zagi kowa. Ka dai rubuta cewa na bi doka."

Ga shi na rubuta, Dallatu. Ka bi doka, ka bi ta har sau biyu, ka sauke taya ka kuma jira ƙusa, ni kuwa shaida ne. Ku kuwa masu karatu, in kun biyo ta gidana za ku ga duwatsu a kan rufi, za ku ga tsani a jingine da bango. Kada wanda ya zo aron tsanin nan, don ban san wane kwamiti ne zai zo gobe ba.